Kada Ki Rufe Taga

Unguwar Madaki,
Gombe.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, duk da cewa bango ɗaya ne tsakanina da ke a yanzu, ina ma jin motsinki kina ninke kaya kina zubawa a jaka. Allah Ya kai ki makaranta lafiya, Ya tsare ki a hanyar Bauchi, Ya kawar da idon mugu daga kanki, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye masu tsoronSa.

Kin san yadda muke ni da ke. Ke ce 'yar fari, ga shi sunan mahaifiyata aka sa miki, don haka ko sunanki ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da ke in yi miki doguwar magana ido cikin ido. Ke ma tun kina koyon magana Adda kike ce mini, kamar yadda kika ji ƙannena suna faɗa. Abin da baki ya kasa, bari takarda ta ɗauka.

Mako uku ke nan da kika aiko Abbanki ya roƙar miki koren akwatin da ke ƙarƙashin gadona, wanda ƙarfen narka dalma da wayoyi da sauran tarkacen gyaran kwamfuta suke ciki. Kin ce tunda lantarki za ki karanta, kina so ki tafi da shi. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Abbanki ya zare hannunsa, ya ce ni na ɗaure, ni zan kwance. Jibi za ki tafi, kuma wallahi har yanzu kaina a ɗaure yake. Akwatin nan shi ya cinye mini ƙirji. Shi ne kuma abin da na fi so a duk abin da na taɓa mallaka. Bari in jero miki kurakuraina yadda suka zo, wataƙila kafin in kai ƙarshen takarda in san abin da zan ce miki.

Ranar da komai ya canja mini wata Asabar ce da hantsi, kina da shekara goma sha biyu. Ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, na nutse cikin wani littafin soyayya da na karɓo haya, wake yana ƙonewa a kan murhu ban sani ba. Sai ga Abbanki ya yi sallama da buhun shinkafa a kafaɗa, wani mai baro yana biye da shi da wasu biyu.

Na ce, "Malam, shinkafa har buhu uku? Biki za mu yi?"

Ya ce, "Wannan ba ta dahuwa. Ba kin dame ni kina so ki rubuta naki littafin ba? Ga kwamfuta uku da wani ofis ya yi gwanjonsu. Duk matattu ne, amma Chinedu ya ce in aka haɗa hanjin wannan da kan waccan, ɗaya za ta tashi. Ki sauke waken can kuma, tun daga bakin layi na ji ƙauri."

Shi ya ce zai haɗa, in ya sami hutu daga koyarwa. Hutun bai zo ba. Ranar Litinin da ya fita, na ɗauko wuƙar kicin na kwance ƙusoshin ɗaya daga ciki, don kawai in leƙa. Ummi, ban san yadda zan kwatanta miki ba, ko da yake ke kin sani. Na ga koren allo shimfiɗe kamar gari in an hango shi daga saman tudu: ga tituna, ga shatale-tale, ga benaye a jere kamar GRA, ga ƙananan gidaje a cunkushe kamar namu. Na zauna ina kallo har aka kira azahar. Tun ina budurwa nake karanta labarin matan da wani ya zo ya canja musu rayuwa da mota da gida. Ni kuwa abin da ya canja tawa a buhun shinkafa ya shigo.

Kuskurena na farko gaggawa. A littattafan da nake karantawa, in tauraruwar labari ta sa abu a gaba, shafi biyu ya isa ta gama. Na ɗauka haka duniya take. Na ciro wani siririn allo daga kwamfuta ta biyu na tura a ramin ta farko, ya ƙi shiga, na danna da ƙarfi har na ji ƙas. Akwai wani farin mai da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ƙarfen da ke sanyaya ta. Na ga ya bushe, na ga ya yi kama da man goge haƙori, sai na matsa mata man goge haƙori. Da aka kawo wuta na kunna, ta yi kwana biyu tana lallaɓawa, a na uku ta ɗau zafi ta mutu, mutuwar da babu tashi. Saura biyu.

Don haka ki ji: abin da ya ƙi shiga da lallami, ba wurinsa ba ne. Abin da ba ki san sunansa ba, kada ki musanya shi da mai kama da shi. Ki zare waya daga bango kafin ki sa hannu, ki taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin ki taɓa allo. Ƙaramin akwatin nan da ke raba wuta a ciki kuwa kada ki buɗe shi sai malami yana tsaye a kanki, don yana riƙe wuta ko bayan an zare shi. Tambaya ba ta rage mutum. Na san kin fi ni sanin waɗannan yanzu, amma uwa ce ni, sai na faɗa.

Da Abbanki ya ga ɓarnar da na yi, bai yi faɗa ba, dariya ya yi har da riƙe ciki. Asabar ta gaba ya ɗauke ni a mashin, lokacin ba a hana hawa ba tukuna, ya kai ni Herwagana wurin abokinsa Oga Chinedu mai gyaran rediyo da kwamfuta. Iyayensa daga kudu suka zo, amma shi a nan aka haife shi, Hausarsa har ta fi tawa karin magana. Shagonsa rumfa ce kawai, gaba a buɗe, baya a buɗe, ga wata tsohuwar fanka a gefen tebur ta juya masa baya tana hura waje. Ya buɗe kwamfuta ta biyu da muka kai masa, ya nuna mini wasu 'yan gwangwanaye a kan allonta da kansu ya kumbura, ya ce sunansu kapasita, su ne suka kashe ta, sai an cire an sa wasu. Ya ɗora ƙarfe mai zafi, ya kawo zaren dalma ya taɓa, ta narke ta zauna kamar ɗigon azurfa. Wani siririn farin hayaƙi ya tashi. Na matso da fuskata na shaƙa, na ce, "Kai, ƙamshi kamar ƙaro a kan garwashi."

Ya janye ƙarfen da sauri ya ce, "A'a, Madam! Wannan ba turaren amarya ba ne. Kin ga fankar nan? Ba don zafi na ajiye ta ba, da don zafi ne ai ni za ta kalla. Cikin zaren nan akwai wani ƙaro, shi ke hayaƙi, shi ke cin ƙirji. Ita dalmar kuma ta hannu take bi ta shiga baki. Ki yi aiki a iska, ki wanke hannu da sabulu. Malam, ka ji dai na faɗa a gabanka, kada gobe a ce Chinedu ya koya wa matar mutane shan hayaƙi."

Muka yi dariya duka. Ya ba ni tsohon ƙarfensa kyauta, da zaren dalma, da gilashin ƙara girma.

Kuskurena na biyu shi ne na ji maganar nan da kunne, ban ji ta da zuciya ba. Na ɗauke ta irin gargaɗin da ake rubutawa a jikin kwalin magani, wanda ba mai karantawa. Idona ba shi da ƙarfi, don haka sai in sunkuya har hancina ya kusa taɓa allo, hayaƙin ya miƙe ya shige ni kai tsaye. Hannu biyu ba sa isa, ɗaya na riƙe da ƙarfe, ɗaya na riƙe da allo, sai in kama zaren dalma da haƙori. Ga kwanon gyaɗa a gefe, ina aiki ina jefawa a baki. Ina tuna wannan yanzu tsigar jikina na tashi, don a lokacin ƙanenki bai daɗe da barin nono ba, da hannun nan nake ba shi abinci.

Kada ki sa dalma a baki ko da wasa. Kada ki ci, kada ki sha a teburin aiki. In kin gama, ki share teburin da jiƙaƙƙen tsumma, ki wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce kafin ki taɓa abinci ko fuskarki. Ki sa allon a gabanki, kanki a gefe, kada ya zama hancinki ne bututun hayaƙin. In ido ya gaza, ki ƙara haske, ki ɗauki gilashi, kada ki ƙara sunkuyawa.

Duk da haka, wata huɗu bayan nan kwamfutar ta tashi. A baranda nake aiki lokacin, iska tana taimakona ban sani ba. Kin tuna? Na danna, fanka ta juya, ta yi ƙara ɗaya tit, rubutu ya fito. Na yi guɗa ni kaɗai kamar an kawo lefe. Daga nan ban tsaya ba. Rediyon maƙwabta, cajar waya, fitila mai caji, duk na karɓa ina gyarawa don daɗi kawai. Littafin da aka yi abin dominsa shafi tara na rubuta. Har yau ban gane ba: na so kwamfuta don in rubuta labari, sai na tarar cikin kwamfutar ya fi labarin daɗi.

Sai garin ya rikice. Ba sai na ba ki labari ba, kina da wayo. Bam ya tashi a tasha, ya tashi a kasuwa, aka kafa shingaye, kowa ya koma kallon maƙwabcinsa ta wutsiyar ido. Jita-jita ta cika unguwa cewa a wani layi an tafi da wani mutum saboda an ga wayoyi da batura a ɗakinsa. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ban sani ba har yau. Abbanki ya dawo ranar ya tsaya a kaina a baranda, ya dubi tebur: wayoyi ja da baƙi, batura, tsofaffin wayoyin hannu a farke. Ya ce, "Ki dubi teburin nan da idon wanda bai san ki ba." Na duba. Na gane abin da yake nufi. Ya ce in tattara in ajiye sai ƙura ta lafa. Na ce to.

Kuskurena na uku, wanda ya fi duka, shi ne wannan "to" ɗin. Na yi mako biyu, hannuna yana ƙaiƙayi. Ga kwamfuta ta uku tana kallona, na riga na ƙudurta zan tayar da ita ta zama taki. Sai na kwashe kayan na kai ƙuryar ɗaki. In Abbanki ya fita da safe, in rufe ƙofa, in rufe taga. Na ga haske yana shiga ta labule, na ce ido ma zai shiga, na rataya bargo. Na tuna warin zai iya fita ta ƙasan ƙofa, na cusa tsumma. Sai kuma na ji tsoron Abbanki zai ji warin in ya dawo, na kawo kasko na zuba turaren wuta, hayaƙi a kan hayaƙi. A cikin zafin Gombe, Ummi, watan azumi ma yana matsowa. Ina zaune cikin ɗaki kamar tukunyar dambu, ina jin kaina wata jaruma mai sirri.

Ke kuma in kin dawo makaranta da azahar, sai in buɗe miki ki shigo in mayar in rufe. Ke kike riƙe mini allo. Na ce kada ki gaya wa Abba, kika ce to, irin nawa. Wannan ne abin da ban yafe wa kaina ba. Na sa ki shaƙa, na kuma koya miki ɓoyo.

Ban san yadda zan mayar da wannan nasiha ba, don tsoron da na ji ba na banza ba ne, mutane sun shiga uku a kan abin da bai kai wannan ba. Amma ga abin da na gani: duk aikin da sai kin rufe taga za ki yi shi, to ko dai ki fito da shi fili, ko ki bar shi. Babu hanya ta uku. Ni na nemi ta ukun.

Jiki ya yi ta ba ni labari ban saurara ba, wannan ne na huɗu. Ido ya fara ruwa, hanci ya toshe, murya ta dushe. Sai tari. Sai na fara jin wani siririn fito a ƙirjina in na hau ɗan tudun bakin layi. Da na je Kumo suna na kwana biyar, duk ya ɗauke. Na dawo da kwana biyu ya dawo. Ko yaro aka ba wannan lissafin zai gane, ni ban gane ba, ko kuma na ƙi ganewa. Na ji masu walda suna cewa madara tana wanke hayaƙi, sai na riƙa shan madarar gwangwani bayan aiki, ina ba ki rabi. Na ɗaura gefen mayafi a hanci na ce ya tace. Har ma, kada ki yi dariya, wani lokaci tarin yana burge ni, don a littattafai in tauraruwa ta fara tari, alama ce mijin zai gane darajarta ya fita da ita waje asibiti. Da abin ya yi tsanani kuma na fara zargin ko iskokai ne, na sa aka karɓo mini rubutun sha.

Madara abinci ce, ciki take zuwa, ba ta san hanyar huhu ba. Mayafi ba ya tare wannan hayaƙin. Abin da ke aiki shi ne iska ta ɗauke shi kafin ya iso gare ki: taga biyu a buɗe, ko rumfa, da fanka a gefen aikin tana jan hayaƙin tana kai shi waje, ba tana huro miki shi ba. In kuma kika ga ciwo yana tafiya ranar hutu yana dawowa ranar aiki, kada ki jira, ki ajiye ƙarfe ki je asibiti, ki gaya musu ainihin aikin da kike yi.

Kin san ranar da asiri ya tonu, amma ba ki san farkonta ba, don kina hanyar dawowa. Ashe tagar da na rufe don kada a zarge ni, ita ta jawo zargin. Maƙwabta suka ga gidan Malam taga a toshe da bargo cikin wannan zafi, ga wani wari da ba su sani ba yana biyo turare, ga matar gida ta daina leƙowa. Aka kai wa mai unguwa. Allah Ya saka masa da alheri, bai wuce da maganar gaba ba, ya ce bari ya gani da idonsa. Ya zo da 'yan sintiri biyu, ya kira Maman Dauda ta gidan kusa, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar Kaltungo, ya ce ta fara shiga tunda mai gidan ba ya nan.

Ni a lokacin ina ƙasa. Numfashi ya shiga ya ƙi fita, kamar an ɗaure mini ƙirji da igiyar guga. Ina jin sallamarta, ba bakin amsawa. Da ƙyar na ja jiki na zare sakata. Ta shigo, hayaƙi ya buge ta, ta yi baya tana tari.

"Yesu! Amarya, kifi kike bandawa ko kanki?"

Ta fizge bargon, ta banke taga, ta zare ƙarfen daga wuta, ta ja ni har gindin darbejiya ta zaunar da ni tana cewa in saki numfashi a hankali. Ta aika a kawo abin shaƙa na masu asma daga gidanta. Ina dawowa hayyacina na ga mai unguwa tsaye a ƙofar ɗakin, 'yan sintirin sun ja da baya, ɗaya yana salati. Wayoyi, batura, allo a farke. Na san abin da suke gani. Na buɗe baki, tari ya hana ni.

Sai ga ki da jakar makaranta. Ba ki yi kuka ba. Kika ce, "Baba, kwamfuta ce, Adda ce ta haɗa. Bari in kunna muku." Ɗaya daga cikin 'yan sintirin ya ce, "Kada ki taɓa!" Mai unguwa ya dube ki ya dube ni, ya ce a bar ki. Kika danna. Tit. Ɗan sintirin ya tsuguna ya rufe kai. Da allo ya haska, kika buɗe abin da ya fara zuwa hannunki, wato littafina. Mai unguwa ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, a gaban kowa: "Ya ke sanyin idona, tun da na gan ki a bakin famfo abinci ya daina yi mini daɗi."

Maman Dauda ta fashe da dariya har da zama a ƙasa. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Mai unguwa bai yi dariya ba. Ya zo ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "'Yata, da a baranda kike, da mun wuce mun ce sannu da aiki. Yau da ba ni aka fara gaya wa ba fa? Da wa zai tsaya a kunna masa?"

Abbanki bai yi mini faɗa ba ranar, bai yi washegari ba. A asibiti da likita ya ce asma ce, kuma mai yiwuwa ta zauna ke nan, sai ya tambayi likitan, "Yarinyar fa?" Aka auna ki, aka ce ƙirjinki lafiya, tarinki zai wuce, ya kuma wuce. A hanyar gida abu ɗaya ya ce: "Ni kika rufe wa ƙofa, ba unguwa ba." Gara ya zage ni.

Shekara biyar ke nan. Kin ga yadda nake: abin shaƙa a jaka, abin shaƙa a ƙarƙashin matashi. Ba na soya barkono. Turaren wuta, ni da nake haɗa nawa da kaina har ana roƙa, ya bar gidan nan. Na kulle akwatin na ce kada in ƙara ganin ƙarfen dalma a hannun kowa a gidana, na ɗauka na rufe magana.

To ga inda kaina ya ƙara kullewa. Da maganar tafiyarki ta taso, na tambayi Maman Dauda a kan akwatin, ta ce, "Ki ba ni shi in jefa a dam ɗin Dadin Kowa, kifi ma ba zai ci ba." Abbanki ya tambayi Oga Chinedu, ya ce, "Ƙarfe bai yi laifi ba, taga ce ta yi. Yarinyar nan hannunta ya fi na uwarta, ku ba ta." Duk su biyun suna ƙaunarki, duk su biyun kuma ina ganin gaskiyarsu. In na ba ki, ina tuna shingayen hanya, wani ya buɗe akwati ya ga wayoyi a kayan yarinya mai hijabi. Ina tuna ɗakin kwanan ɗalibai, mutum takwas, taga ɗaya. Sai in tashi da niyyar hanawa, kafin la'asar in tuna fuskarki ranar da kika ce bari in kunna muku, in ji kamar zan yanke miki hannu ne. Har istihara na yi, na tashi kamar yadda na kwanta.

Shekaranjiya na shiga sito neman tsohuwar tabarma da za ki tafi da ita. Ban kai ga tabarmar ba ƙirjina ya fara fito. Ƙirjin nan ba ya ƙarya, ya fi hancina sanin warin. Na ɗaga buhun gawayi na ga wani ɗan ƙarfen dalma sabo, da zare, da rediyon Maman Dauda a farke. Siton nan ba shi da taga, Ummi. A ƙasan ƙofar kuma, ta ciki, na ga tsumma a cushe, irin cusawar da na koya miki.

Na fito na zauna a baranda na daɗe. Ban yi fushi ba, da wane bakin? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abbanki ya hana ni, na shiga ƙurya. Na hana ki, kin shiga sito. In na sake hana ki, a Bauchi wane rami za ki shiga, inda babu Maman Dauda a gidan kusa? Ban gaya wa Abbanki ba tukuna, kuma ba ni zan gaya masa ba. Ke za ki gaya masa kafin ki tafi, da bakinki. Ni ban yi haka ba, na san nauyin rashin yin.

Ban ce na daina jin tsoro ba. Wataƙila ranar da mota ta tashi in yi da-na-sani. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kada ki yi aiki a ɗakin kwana, naki ko na wasu. Ki yi a ɗakin koyon aiki na makaranta, inda malami zai gan ki, inda kowa zai iya leƙowa ya tambaye ki me kike haɗawa, ki amsa masa da fara'a ko da tambayar ta ɓata miki rai. Ranar da aka ce babu iska, babu fanka, to babu aiki. In kika ji ko ɗan fito a ƙirjinki, ki kira ni a ranar, ba washegari ba. Kunyar 'yar fari ba ta kai nan ba. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, kada ki zama ni da wake.

Ƙannenki suna gaishe ki tun kafin ki tafi, ƙaramin ya ce a ba shi katifarki. Ki shiga ki yi wa Maman Dauda sallama, ki mayar mata da rediyonta a haɗe, ki je Herwagana ki gaida Oga Chinedu da iyalinsa, ki tsaya wurin mai unguwa ya sa miki albarka. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare numfashinki, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya dawo mini da ke da ƙafafunki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Na ba ki akwatin. Ba a jakarki zai tafi ba: Abbanki zai riƙe shi a hannu tare da takardar mai unguwa da takardar shigarki makaranta, ya damƙa shi ga malamin ɗakin aiki, a rubuta sunanki a kai. Fankar tebur ta ɗakina ma za ta bi shi. Gobe da hantsi ki zo ki jawo shi da kanki, ki buɗe shi a baranda.

Addarki da ta haife ki.